Taubashina da Gishirin Gida Bakwai

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Taubashina ya riga ni tafiya, shi da ya shekara da shekaru yana cika baki wai sai ya ci gumbar sadakata ya kora da ruwa. Allah bai nufa ba. Ni na ci tasa.

Ranar da aka kai shi, gida ya cika har soro. Mata sun zo daga Madabo, dangin matarsa sun zo daga Ƙofar Na'isa, wasu ma ban san daga inda suka ɓullo ba. Ba a ɗora tukunya a gidan rasuwa, don haka maƙwabta suka yi ta aiko da abinci, langa bayan langa. Ina zaune a bakin ƙofar mai takaba, inda nake ganin mai shiga da mai fita, sai na ga wata baƙuwa ta kai loma ta tsaya. Ta ture langar, ta janyo wata. Ta ɗanɗana, ta janyo ta uku. Sannan ta karkata wajen 'yar'uwarta, a zatonta a hankali take magana.

"Ke, wai mutanen lungun nan gishiri ne ya yi musu tsada? Miya uku ke nan, duk kamar hannu ɗaya ya yi su."

Matar mahauci, maƙwabciyarmu, wadda tun asuba take kuka har idonta ya kumbura, ita ta fara. Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi. Matar liman ta kama. Kafin ka ce kwabo matan lungun duk sun sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa, har mai takabar. Baƙi suka yi zuru, suna zaton kuka ne ya sake tashi. Na daka musu tsawa, don gidan rasuwa ne ba gidan biki ba. Amma ni ma sai da na juya fuskata bango.

Saboda wannan baƙuwa da ire-irenta na sa a rubuta wannan. Ni ba na rubutu. Faɗa nake ana sawa a takarda, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Ɗan goggota ne, ƙanwar babana. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne tun ranar da aka yanke masa cibiya, ko da yake ya girme ni. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ta arziki ba. In na ce, "Bawa, ba ka iya durƙusawa ba ne?" sai ya ce, "Na durƙusa wa wa? Tsinken sakace?" Haka muka girma, haka muka tsufa. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu na gado, katanga ɗaya ce tsakaninmu, sai muka ɗora daga inda muka tsaya.

Marini ne a karofin Ƙofar Mata, kamar ubansa. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwa, farcensa kuwa ya wuce shuɗi ya koma baƙi. Jikokinsa suna ƙanana sun ɗauka haka Allah ya halicce shi. In yana son ya san ko ramin rini ya nuna, ba ya tambayar kowa: yatsa yake tsomawa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido, ya ce "da saura" ko ya ce "a zuba zane." Yana da son dariya, yana da son goro, yana da battar tabar gari da ba ta rabuwa da aljihunsa. Yakan ce rini ba ya son gaggawa, tuwo ba ya son jira.

Amma abin da ya fi so a duniya, bayan salla, ciyayya ce. Ga wanda bai sani ba: kullum in an idar da Magariba, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar soronsa, magidanta bakwai na lungunmu su zauna, kowane gida ya fito da langarsa, a haɗa a tsakiya. A buɗe wannan a cinye, a janyo waccan. Ba a cewa nawa, ba a cewa naka. Daga ubansa ya gaji wurin, shi ne kuma mai cewa bisimilla. A nan ake sasanta rigima, a nan ake sanin wanda ya kwana da damuwa. Daga soronmu ina ganinsu sarai, kuma ba na jin kunyar cewa ina kallo. Wanda ba ya kallo ba ya sani.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula, ba wanda ya kai shi murna. Ya ce ya daɗe bai dangwala wa kowa yatsa ba. Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, matarsa ta gaya mini muciyar rini ta suɓuce daga hannunsa a karofi, hannun ya mutu na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Na tambaye shi ta kan katanga. Ya ce kwanciya ya yi a kansa. Ya shaƙi tabarsa, ya yi atishawa, ya ce ya warke.

Da safiyar zaɓen ya sha babbar riga, yana zaune a soro yana shan koko. Na leƙa na ce, "Bawa, wa zai ƙirga ƙuri'ar bawa?" Ya buɗe baki zai rama, sai maganar ta fito kamar ta wanda ya cika baki da tuwo mai zafi. Ludayi ya faɗi daga hannunsa na dama. Gefen bakinsa ya zube, koko na bi ta nan yana sauka a kan aikin rigar.

Na san wannan fuskar. Ita na gani a kan babana. A wancan zamanin aka ce iska ce ta buge shi, aka rufe shi a ɗaki da hayaƙi, aka yi ta ɗura masa ruwan magani yana shaƙewa. Bai ƙara tashi ba.

Nan da nan soro ya cika. Wani na cewa a kawo garwashi, wani ya riga ya taho da ƙoƙon rubutu. Na tsaya a kansa na ce wanda ya sa masa ko ɗigon ruwa a baki sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi, don wanda bakinsa ya karkace haɗiya ma gagararsa take. Allah ya saka wa liman da alheri, shi ya raba gardama. Ya ce, "Addu'a ba ta hana tafiya. Mu yi ta a hanya."

To ranar zaɓe ce, ba mota a titi, lungunmu ma ko da can mota ba ta shiga. Sai mahauci, babban amininsa, ya ruga ya turo amalanken da yake ɗauko nama, aka shimfiɗa tabarma aka ɗora shi. Shi ya tura shi har asibiti, liman na gefe yana karatu, ni da matarsa muna biye. Har taubashina ya bar duniya bai daina cewa an kai shi gaban likita kamar cinyar sa ba.

Likitan wani siriri ne mai gilashi. Da abubuwa suka lafa na tare shi na ce ya gaya mini gaskiya, ban son kwana-kwana.

Ya ce, "Hajiya, ba iska ba ce, jini ne. Akwai jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. In ɗaya ta toshe ko ta fashe, wajen da take shayarwa sai ya lalace, hannu ko ƙafa ko harshen da wajen ke juyawa sai su tsaya. Shi ne shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ya daɗe yana cin Baba bai sani ba, don sau da yawa ba ya ciwo, ba ya sallama. Kun kyauta da kuka kawo shi da wuri."

Na ce, "Yana dawowa?"

Ya ce, "Yana iya dawowa, kuma in ya dawo ba lalle ya bar abin da ya bari yanzu ba. Amma ana tare masa hanya." Ya ce ƙwayar magani kullum, ko ya ji garau. Awon jini a kai a kai, a duba har da ciwon suga. A rage gishiri, da dunƙulen miya, da kanwa, da kitse. Taba kuwa a yi sallama da ita. In ƙafa ta dawo, a riƙa takawa.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Ban manta ko ɗaya ba.

Watannin da suka biyo baya su ne ban son tunawa. Shunin hannunsa ya yi ta kodewa, har ran nan na ga hannun ya koma kalar hannun mutane. Shi ma ya gani, ya tura shi cikin riga. Ƙafa ta fara dawowa, amma ya ƙi fita ciyayya, don hannun dama ba ya kai loma baki, shi kuwa ya ce ba zai ci tuwo da hagu a gaban maza ba. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, yana ciki yana jiyo dariyar mahauci.

Ana kai shi asibiti gashin jiki da motsa gaɓoɓi, a gida kuma matarsa, baiwar Allah mai haƙuri, ta riƙa jiƙa masa tsumma a kwano yana matsewa da hannun dama, yadda ya saba matse zane. Ni aikina tsokana. Kullum sai na shiga na ce, "Bawan da ba ya iya matse tsumma ai sayar da shi za a yi." Ya yi ta harara, bakin na motsi, magana ta ƙi fita daidai. Ran nan dai ya tattara ƙarfinsa duka, ya dube ni, ya ce tar, ba gargada:

"Azzaluma."

Matarsa ta saki guɗa. Ita ce kalmar farko da ta fito masa sarai, kuma ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba.

Maraicen da ya koma kan tabarma da hannunsa na dama, lungu ya yi kamar salla. Matar mahauci ta aiko da farfesun ƙafar sa, mai na yawo a kai. A gida kuwa matarsa tana bin maganar likita kamar karatu, gishiri da ɗan yatsa biyu. Kowa ya ce alhamdu lillahi, an gama.

Ni ban ce ba, don ina kallo. Na ga langar gidansa tana fita cike, tana dawowa da ɗan rami ɗaya a tsakiya, na kunya. Na ga maiƙo a hannun rigarsa, alhali miyar gidansa ba ta da mai. Da aka koma awo, malamar asibiti ta ce jini ya sake hawa, ta yi wa matarsa faɗa, ta dawo tana kuka tana rantsuwa. Na ce, "Share hawayenki. Tukunya ɗaya muka gyara, shi kuwa tukunya bakwai yake ci."

Babbar 'yarsa ta ce shi ke nan, a riƙa ba shi nasa a ɗaki. Ya dube ta ya ce, "To ku fara haƙa mini kabari a tsakar gida, in ya so ku miƙo mini tuwon a ciki." Ba wasa yake ba. Na ga yadda ya bushe a watannin da ya zauna shi kaɗai. In an raba shi da tabarmar nan, zuciya za ta kashe shi. In an bar shi a kai, gishiri zai ƙarasa abin da ya fara. Na kwana ina juya abin. Da safe na yafa mayafina na shiga gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya.

Matar liman ta ce to, ba musu. Wasu suka ce to a baki, na san kuma to ɗin da ba ta kai tukunya. Na bar matar mahauci a ƙarshe don na san hali. Na same ta tana daka, ta saurare ni har na gama, ta jingine taɓarya.

"Yaya, kin gama? Ni 'yar mahauta, matar mahauci, in yi miya lami a buɗe ta gaban maza bakwai? Mazan nan ba wanda ya taɓa ganin fuskata. Miyata suka sani. Langar da ke fita waje ita ce fuskar mace. Ki ce in fita ba kwalli?"

Na ce, "Kwallinki zai kwantar da mutum."

Ta ce, "Mai ciwo shi ke ƙauracewa, ba gari ba." Ta ɗauki taɓaryarta.

Gaskiya ta faɗa ta wani gefen, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi.

Kafin La'asar magana ta kai wa taubashina. Ya dogaro sandarsa har tsakar gidanmu. Ya ce, "Ƙasa duk ta samu farar hula, soja sun koma bariki, ni kaɗai aka bari a hannun soja! Kin bi gida-gida kina tallan cutata kamar mai tallan daddawa. Yanzu duk wanda ya ci tuwo ba daɗi, ni zai kalla."

Na ce, "Gara a kalle ka a zaune da a leƙo ka a kwance."

Ya juya ya fita. Washegari muka haɗu a lungu, sai ya tsaya, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ina kwana, Hajiya. An tashi lafiya? Ya gida?"

Wanda ba shi da taubashi ba zai gane ba. Da ya ɗauke ni da mari da ya fi mini sauƙi. Tunda uwata ta haife ni mutumin nan bai taɓa gaishe ni ba. Haka ya yi ta gaishe ni, safe da yamma, da ladabi kamar baƙo, har wata ya mutu wani ya tsaya. Na ce masa bawa, ya ce, "Na'am, Hajiya." Ban ba shi haƙuri ba, don ban yi laifi ba. Amma abinci bai yi mini daɗi ba a kwanakin nan, ko da gishiri.

Mahauci yana da wata ɗabi'a. Tunda amininsa ya warke, ya mayar da karkacewar bakinsa abin wasa. In ana ciyayya sai ya saki gefen baki, ya lanƙwashe hannu, ya ce "a-a miƙo mi-miya," a yi ta dariya, har shi mai bakin. Wani maraice ina soronmu, sai na ga loma ta faɗi daga hannun mahauci, bakinsa ya zube gefe, yana wata magana ba kai. Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kai, yau ka fi kullum iyawa!" Wani har da tafi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, taubashina. Na ga ya ture langa, ya matso, ya kama fuskar mahauci ya juyo da ita wajen fitila.

"Ɗaga hannuwanka biyu."

Ɗaya ya tashi, ɗaya ya tsaya a cinya.

"Yi mini sallama."

Sallama ta ƙi fita.

Sai ya waiwayo wajen soronmu, don ya san ina nan, ya ɗaga murya yadda duk lungu ya ji: "Ke Soja! Tsinken sakace! Tsayuwa za ki yi kina kallo? Aika a tsayar da mota a bakin titi!"

Ban san lokacin da na kai bakin titi da ƙafata ba. Ina tafe gabana na faɗuwa saboda mahauci, wani gefen zuciyata kuma fari ƙal, don an zage ni.

Sauran labarin liman ne ya ba ni. Ya ce kafin su kai ƙofar asibiti bakin mahauci ya koma daidai, hannu ya dawo, magana ta dawo. Mahauci ya ce a juya da mota, miyarsa na hucewa. Taubashina ya riƙe masa wuyan riga da hannun nan na dama. Ya ce, "Haka nawa ya yi. Ya leƙo a karofi ya koma, na ce kwanciya ce. Wannan ɗan aike ne, mai aiken na tafe. Wallahi ko a amalankenka sai na tura ka ciki, in rama." Likita ya ce gaskiyarsa: wanda ya zo ya wuce gargaɗi ne, kuma ba a kwana da shi a gida. Aka auna mahauci, aka ga jininsa ya fi na amininsa hawa. Aka riƙe shi, aka ɗora shi a magani. Mai aiken bai iso ba har yau.

Da sassafe ina shara sai ga matar mahauci, ido ja. Ba ta zauna ba. Ta ce, "To Soja, in an cire, me ake sawa?"

Daga ranar sunan ya bi ni. Na ce mata ba cirewa ake ba gaba ɗaya, ragewa ake kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Sauran kuwa ita ta koya mana, don Allah ya ba ta hannu. Ta ƙara daddawa da albasa, ta soya tafarnuwa da citta, ta nemo kimba da masoro, ta yaye kitse daga nama ta kwashe man da ya taso. Da maza suka fara yabon miyarta a haka, sai sauran matan suka ji kishi. Gasar da ake yi da can ta wa ya fi mai da gishiri, ta koma ta wa zai ɗaure harshen maza ba tare da su ba.

Shi kuwa bawana ya zama alƙali. Kafin ya ce bisimilla sai ya bi langa-langa yana tsoma yatsa yana ɗorawa a harshe, ya lumshe ido yadda yake wa ramin rini. In ya ce "a zuba hannu," an tsira. In ya ce "wannan ta sha teku," sai mai gidan ya sunkuyar da kai, gobe a gyara. Battar tabarsa ya wanke ta tas ya mayar da ita gidan ƙwayar magani, wai hannunsa ya saba zuwa aljihun, gara ya tarar da abin kirki. Bayan Asuba sai ya tasa mazan gaba, su taka har bakin ƙofa su dawo, mahauci na baya yana mita. In lokacin awo ya yi tare suke tafiya, su dawo suna yi wa wanda nasa ya hau dariya. Wani ya taɓa ce masa ai ya warke, ya huta da ƙwaya. Ya ce, "Ramin da ka daina juyawa don ya yi kyau, shi ke mutuwa."

Ya koma karofi. Ba ya ɗaga manyan zannuwa kamar da, amma yana tsoma hannu, shuɗinsa ya dawo. Da zaɓe ya sake zagayowa, da ƙafarsa ya je. Saurayin da ke kan tebur ya dubi babban yatsansa ya ce, "Baba, ai ka riga ka yi, ga tawada nan." Ya naɗe hannun riga har gwiwa ya ce, "Ɗana, in wannan ƙuri'a ce, to tun kafin a haifi ubanka nake zaɓe." Layi duk ya ɗauki dariya. Ya dangwala da dama, ya dawo ya tsaya a ƙofarmu yana nuna mini yatsa, wai a ƙirga ta bawa.

Bai bar ni na sha ba. Ran nan ya leƙo ta katanga ya ce, "Soja, wai uban wa ciwon nan ya fara kayarwa? Ni kawuna ne, ke ubanki ne. Ta gidanku ya biyo ya same ni." Na ce lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Ya ce shi ma haka ya ce. Ya sa 'yarsa ta kai ni awo kamar akuyar da za a kai kasuwa, aka ce nawa ma ya hau. Ranar ya yi dariya har da riƙe ciki. Aka raba ni da kunun kanwa, wanda tun ina amarya ban taɓa fashinsa ba. Tun daga nan, kowace safiya ta Allah, kafin in gama lazimi sai in ji murya ta kan katanga: "Soja! An sha ƙwaya, ko sai na turo farar hula?"

Shekaru masu yawa ya ƙara a kan tabarmarsa. Ya aurar da jikoki, ya ga 'ya'yansu. Ciwon da muke tsoro bai dawo ba. Da lokaci ya yi, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki a kan tsufa, hannu biyu na motsi, harshe na salati. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce shunin na nan har wuyan hannu. Mahauci, da tsufansa, ya ture samari ya kama makara, ya ce shi ya saba ɗaukarsa.

Bayan an share makoki baƙi suka watse. Da safe na zauna a tsakar gidanmu, katanga shiru. Na gama lazimi, na jira, ba wanda ya kira ni. Bakina ba daɗi. Na dama kunu, na shiga ɗaki na lalubo wani tsohon ƙullin kanwa a bayan tukwane. Na ce yau ɗaya dai, wa zai gani?

Ina kwance ƙullin sai hannu ya sauka a kan nawa. Matar mahauci ce, ban ji shigowarta ba. Ta karɓe, ta soke a ƙugunta.

"An sha ƙwaya?"

Na ce, "Ke kuma a su wa?"

Ta ce, "Yau ranata ce. Gobe matar liman." Da ta ga na yi sororo, sai ta zauna a kan turmi. "Ba ki sani ba ashe. Da taubashinki ya fara jin jiki, kafin ya kwanta, sai da ya bi gidajen nan duka da sandarsa. Ya tsaya a soron kowa ya yi sallama, ya ce a gaya wa matar gida: in ba ya nan, a sa wa Soja ido. Ya ce kina da taurin kai, kuma ya san kina da ɓoyayyar kanwa, bai dai gano wurin ba."

Na ce, "Tallan cutata ya yi ke nan, gida-gida."

Ta ce, "Ya ce haka za ki ce. Ya ce a gaya miki an yi ɗaya-ɗaya."

Na haɗiyi ƙwayata a gabanta. Na sha kununa a haka.

Har yanzu ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar soron bayan Magariba. Babban ɗansa ke fito da langar gidan, mahauci ke tsoma yatsa, ko da yake harshensa bai kai na mai shi ba. Baƙon da ya ci tuwon lungunmu ya ji gishiri bai kai masa ba, kada ya zargi matanmu. Ya yi wa marinin nan addu'a, sannan in ya koma gida ya je a auna shi.

Allah ya jiƙan bawana, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya zaunar da shi a tabarmar da ba a naɗewa, cikin mutanen kirki, don ba ya iya cin abinci shi kaɗai. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. In kuma Allah ya haɗa mu a can, ina roƙon abu ɗaya: kada ya gaishe ni.